Baba Ya Bar Mini Zaɓen Ranar Shuka

Daren Laraba, ƙarshen Mayu, Milezi

Jikina duk ciwo yake kamar an daka ni a turmi. Tun asuba muna fiɗa a kwatar Farcha, da azahar kuma na bi amalanken taki zuwa gona. Ko shara ban gama ba, karan bara yana nan tsaye.

Da la'asar Baba ya nace sai na dawo na ɗauke shi, duk da Inna ta hana saboda ƙafarsa. Da muka isa ya karɓi fartanya a hannuna ya ɗan sassara, sai na ga ta yi masa nauyi. Na juya kamar ina duba taki, don kada ya san na gani. Ya zauna a gindin darbejiya ya daɗe yana murza ƙasa.

Na ce, "Baba, hadari ya fara haɗuwa ta kudu. In ruwan farko ya sauka mu shuka, ko mu jira na biyu?"

Ya ce, "Bana kai za ka faɗa, Sani. Ni nawa ido ne."

Tun ina yaro shi ke faɗa, mu bi. Ga irin masarar kaɗan ne, ƙwari sun cinye rabi. In na yi gaggawa ruwa ya ɗauke, shikenan, babu wani irin.

Ɗazu na fita tsakar gida na daɗe ina kallon sama, ban gane komai ba. Ina jin tarinsa daga ɗaki, shi ma bai yi barci ba.