Addar da Maharazu Ya Wasa

Zoza, Ƙaramar Hukumar Rogo.

Zuwa ga ƙanena Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Siddiƙa da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri a can Fatakwal. Baba da sauƙi. Saran da ɓarayin shanu suka yi masa a kafaɗa ya fara haɗewa, sai dai hannun ba ya ɗaguwa tukuna.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya dire magana. Kai ka ce wa autanmu Maharazu ɗan halak ba ya zaman aji jinin ubansa na ƙasa. To, ya ji ka. Ya baro jami'a ana dab da jarrabawar ƙarshe, ya sayi adda a kasuwar Karaye, ya wasa ta har tana aske gashi. Samarin gari kuma suka ɗora laifin kan Gwadabe dillali, wai shi ya nuna wa ɓarayin garkenmu, ba shaida ba komai, suka ce sai sun gama da shi.

Ka san Malam Shitu, mai tara ɗaliban jami'a in sun zo hutu, yana koya musu istihara kan karatu da aure da aiki. Can Maharazu ya je, wai a duba masa: ya bi samarin ko ya koma makaranta. Malam ya ce ba a istihara kan abin da Allah Ya riga Ya haramta, amsar tana nan tun kafin a haife shi. In zai yi, ya yi da kansa, tsakanin jinyar Baba da jarrabawa. Ya yi, bai ga mafarkin komai ba, amma zuciyarsa ta kwanta kan komawa. Ya miƙa wa Inna addar.

Yana hanyar tasha ya iske samarin sun tare Gwadabe. Sun fasa masa kai da gora, jini ya rufe masa ido, wani ya rataya masa taya, wani na girgiza galan ɗin fetur. Maharazu ya yar da jaka, ya kutsa, ya kife a kansa. Dukan da aka nufi Gwadabe da shi ya karya wa Maharazu hannun dama, ya zubar masa da haƙora. Ganin ɗan wanda aka sara kwance cikin jini ne ya sanyaya musu jiki. Gwadabe na hannun hukuma, ko yana da laifi Allah masani. Jarrabawa kuwa sai baɗi. Na yi kuka har na gode Allah, kuma ban ɓoye maka ba, da kai nake fushi.

Na ji ka ce za ka zo ka ƙarasa abin da yaro ya kasa. Hanya a buɗe take, amma icen da za ka sara ka duba inda zai faɗi. Maharazu ya ce in gaya maka yana da sauran hannu ɗaya, kuma a kan Gwadaben zai sake kwanciya.

Inna da Hajo da Ummu Hani suna gaishe ku. Ka shafa min kan Halima Sadiya.

Yayarka,
Zaituna