Valdo Ya Tare wa Wani Iska

Yaya Marinalva,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? Mu a São Paulo lafiya lau, ina nan ina dafa wa makanikan ƙungiyar tseren motoci wake da shinkafa. Barci ne kawai ya ɗan ragu.

Yau aka yi zagayen gwaji, wanda ke raba wa motoci wurin tashi a tseren gobe. Shugabanmu, Seu Osmar, ya ce ɗana Valdo ya shiga gaban abokin tuƙinsa ya tare masa iska, don wancan ya ƙara gudu. Yaron ya so ya ƙi. Na ce, "Bi umarni, kada su kore ka." Ya ce, "Mama, yaushe kika zama injiniya?" Amma ya bi.

Abokin ya zo na uku, Valdo na ashirin da shida. Sai yanzu ake gaya mini 'yan baya ne ke karo a kwanar farko. Yaya, bakina ne ya ajiye shi can.

Kafin takardar nan ta iso an gama tseren. Duk da haka ki kunna masa kyandir a coci, Allah ba ya duba kwanan wata.

Ƙanwarki,
Zuleide