An Cire Gidanmu Daga Ƙarfen Unguwa

Nyanya, Abuja.

Zuwa ga Yayata Batulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara miki lafiyar idon nan. Mu ma muna nan. Umma tana cin abinci sosai, gwiwar ce dai har yanzu ba ta kai ta ko bakin get.

Yaya, ƙwacen waya ya ishe mu a layin nan, da rana tsaka, yanzu ɓarayin har gidaje suke faɗawa. 'Yan sanda kan zo, amma sai washegari, su yi mana jaje. Shi ne mai unguwa, Baba Abednego, wanda a tsohuwar gonarsa aka gina rabin gidajenmu, ya dawo da al'adar kakanninsa. Ya rataye ƙarfe a bishiyar mangwaro. In an buga, kowane gida ya fito da mutum ɗaya da sanda. Gidan da ya saba ƙin fitowa kuwa, ranar da ya yi ihu babu mai zuwa. Abin haushi, tsarin yana aiki fiye da duk takardun tsaro da muke rubutawa a ma'aikata.

To ni ina fita da asuba, kuma go-slow ba ya sako ni sai bayan magariba. Duk bugun da aka yi, ina cikin bas ko gaban oga. Ranar Lahadi mai unguwa da mutanen layi suka kira ni. Na yi musu bayani tsaf, har da Turanci. Baba ya saurara da ladabi, sannan ya ce shi bai san ofis ba, gida ya sani, kuma ɓarawo ba ya jiran a tashi aiki. Maƙwabciyata Jessica ta roƙa mini, aka tambaye ta ko za ta raba kanta biyu. An cire mu.

Ban ma iya jin haushinsa ba, Yaya, na gaji. Amma Umma tana wuni ita kaɗai a gidan da duk layi ya san ba a amsa ihunsa, kuma masu ƙwacen ma 'yan layin ne. Don Allah ki zo ki ɗauke ta zuwa Gusau kafin ƙarshen wata. Ban faɗa mata ba. In daga bakina ne, za ta ce na gaji da ita. Ke ce babba, ke za ta ji.

Ki gaida Abban Bilqis, da Bilqis, da Abdulmajeed.

Ƙanwarki,
Sumayyah