Geron Baba Na Tsakar Gida

Gummi, Jihar Zamfara

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali can Fatakwal. Mu ma lafiya lau. Inna na fama da gwiwa, amma bakinta na nan daram, kullum sai ta ce ruwan Kudu ya mantar da kai hanyar gida.

Yaya, ka tuna da ka tambaye ni a waya ko Baba ya tsufa, na yi dariya na ce 'yar furfura ce kawai? Ashe ban san ma'anar kalmar ba. Na ɗauka tsufa shi ne sanda da zubewar haƙori. Sai makon jiya na gane.

An kawo dammunan gero daga gona. Baba ya jingina tsani da rumbu kamar kowace kaka, ya taka na ɗaya, ya taka na biyu, sai ƙafarsa ta ɗauki rawa. Ya daɗe riƙe da tsanin, sannan ya sauko a hankali, ya ce wai rana ce ta yi zafi. Yaya, ko hantsi bai yi ba. Na shige madafa na sha kukana. Ashe tsufa shi ne aikin da mutum ya shekara hamsin yana yi ya gagare shi, kuma ya ji kunyar faɗa.

Ka san halinsa. A wurinsa cikin rumbu sirrin gida ne, ba mai leƙawa sai maigida ko ɗansa. Mijina Sagir ya ce zai hau, Baba ya ce suruki ba ya ganin abin da ya rage a rumbun surukinsa. Ni kuwa ko tayi bai bari na gama ba. Kwana tara ke nan geron na jibge a tsakar gida, gara na cin na ƙasa, awaki na jan na sama. Kullum da safe sai ya zauna gefensa, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ya ɗaga kai.

Shekara shida rabonmu da kai. Wallahi kewarka ta ishe mu, har ni da ba ma rabo da faɗa. Ka zo ko na kwana uku ne.

Ka gai da Habsu, da Jannatu da Lukman. Inna na gaishe ku. Baba ya ce in shaida maka komai lafiya, kuma ya ja mini kunne kada in yi maka zancen rumbu. Tun da aka haife ni, yau ne na fara saɓa masa.

Ƙanwarka,
Bara'atu