Murmushinki da Ya Goge, Umma

Assalamu alaikum Umma. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ni ce Hafsa.

Hotonki na fensir ya lalace, wanda ɗalibin nan da ya yi haya a gidanmu na Gyadi-Gyadi ya zana miki. Ranar da muka taso zuwa Tarauni gilashinsa ya fashe a cikin a-kori-kura, sai muka jingine shi haka a kan kwaba. Ran Juma'a Baba ya shigo daga alwala, ya ga ƙura a fuskarki, ya sa jiƙaƙƙen tafin hannunsa ya share. Shi a zatonsa kamar hoton kyamara ne. Umma, daga hancinki zuwa haɓa duk ya koma toka-toka. Ya daɗe a tsaye yana kallon baƙin da ya manne a hannunsa.

Kin san duk hotunanki na waya kin rufe baki da mayafi, wai kunyar wushiryarki kike ji. Wannan ne kaɗai aka kama ki kina dariya, don mai zanen yana ta ba ki labarin akuyar da ta cinye masa takarda.

Na sa shi tsakanin fararen takardu, na danne da littattafaina na soyayya, waɗanda kike cewa, "Hafsa, ajiye masoyan nan ki zo ki yanka albasa." Da ya bushe na murza tsakiyar burodi ina dangwalawa a hankali, don kilina tana cin takarda idan ta taɓa jiƙewa. Dattin ya ɗagu. Amma bakin ma ya tafi tare da shi.

Sai na fiƙe fensir na zauna. Ina jin muryarki sarai, har ƙamshin humrarki ina ji, amma na kasa tuna ta wane gefe leɓenki yake fara ɗagawa. Gwaggo ta ce ai bakinmu ɗaya, in duba madubi. Na duba, na zana. Da na kai wa Baba, ya kalla, ya ce a hankali, "Ya yi kyau. Amma wannan ke ce."

Na sake goge bakin da burodin. Yanzu wajen ya yi siriri har haske yana ratsawa, sau ɗaya kawai zai ƙara ɗaukar fensir. Shi ya sa na bar shi fari, kamar kin kuma jan mayafin.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kina dariya a inda kike. Idan ya nufa kika zo mini a mafarki, don Allah Umma kar ki rufe bakin.

'Yarki mai jira,
Hafsa