Kada a Wanke Ta

Zuwa ga Yaya Arzika, Tsafe.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara? Ni ce Yelwa, daga Bungudu. Malama Jamila maƙwabciyarmu ke rubutawa, ni ina faɗa.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kwamfutar marigayi baban Halimatu ta ƙi tashi. In an kunna sai ta yi shuɗi, wani abu ya yi ta zagaye, ta mutu. Ka san cikinta ne kawai hoton bidiyon ranar suna yake, yana riƙe da ɗiyar yana yi mata wasa. Wayarsa ta tafi da shi ranar hatsarin.

Na goya Halimatu munka tafi Gusau wurin mai gyara, Malam Ashiru. Ya ce akwai dabarar da ake mai da ita baya, yadda take kafin ta lalace. Ya gwada, ta kusa kaiwa ƙarshe ta ƙi. Ya sake, haka. Sai ya ce saura a wanke ta. Na ce a wanke mana, dama ta yi ƙura! Har ya ɗora hannu, Allah ya sa ya tambaya ko babu abin da nake so ciki. Ashe wanki wurinsu a share komai ne. Yaya, fizge ta na yi.

Na ce gara ta zauna da dattinta. Ya ce zai iya kwance ta, ya ciro rumbun ajiyar ya haɗa da wata, amma bai yi alkawari ba. Laraba zan koma, kuma gabana za a kwance. Kada ka faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarka, Yelwa.

Yaya Arzika,

Sallama da gaisuwa, ya ƙarfin jikin Inna?

An ciro rumbun. Wuni na yi zaune kan benci, ko ruwa ban nema ba. Abubuwa da yawa sun lalace, na sunan ma rabi ya buɗe. Amma ga shi nan, marigayin, da farar hularsa, yana dariya, yana kiran Halimatu Sadiya.

Ɗiyar na jin muryar ta bar nono, ta juya tana duban ƙofar shago.

Na sa an zuba bidiyon wuri uku. Ɗaya zan aiko maka, ka adana.

Ka gaishe da Inna.

Taka, Yelwa.