Yarinyar da Baba ya saka a labarin gidan nan

Santa Clara, 9 ga Maris

Yaya Reinaldo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin ƙasar can bai takura maka ba. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ciwon gwiwarta da mitarta. Baba kuwa jiki da sauƙi, yana ɗaga hannun hagu yanzu, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ba ta dawo ba.

Ka san shekara talatin da huɗu ya yi a kujerar mai karatu a gidan naɗa taba, yana karanta wa ma'aikata jarida da safe, littafi da rana. Yanzu za a cike gurbinsa, mu biyu muka nema, ni da wani malamin makaranta mai murya kamar ganga. Kowa zai yi karatun gwaji, sannan a kaɗa ƙuri'a. Wallahi ina son kujerar nan, ba zan iya ganin baƙo a kanta ba.

Na ɗauki tsohon littafin Baba na gajerun labaran ban tsoro, na marubucin nan da yake ji da shi. Na zaɓi wanda kowa ya fi so, na mutumin da duk shekara sabon ɗaki ke tsirowa a gidansa, kowane ya fi na baya duhu, shi kuma ba ya iya hana kansa shiga. Na karanta tsaf har ƙarshe, inda ya shiga ɗaki na bakwai, ƙofa ta rufe, ba a ƙara ganinsa ba. Na jira ma'aikata su buga wuƙaƙen yankan taba a kan allunan aikinsu kamar yadda ake yi wa karatu mai daɗi, sai na ji tsit. Can Doña Casilda, tsohuwar nan da ta girmi ginin kansa, ta ce 'yar nan ko tsallake shafi na yi, ko kuwa ido ne ya fara ba ni matsala tun ban tsufa ba. Wani daga baya ya ce a ba ni tabarau, aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ɗaga littafin na ce duk mai shakka ya zo ya duba.

Da aka tashi sai Doña Casilda ta ja ni gefe. Ta ce a karatun Baba, mutumin yana ɗora hannu a ƙofar sai 'yarsa ta kira shi daga tsakar gida, ta ce abinci na hucewa, shi ne ya juyo. Na ce ai babu wata 'ya a littafin. Ta ce ta sani mana, ita ba yau aka haife ta ba. A da Baba yadda aka rubuta yake karantawa. Shekarar da ya nutse cikin giya, ranar da aka haife ni ya daina sha, kuma tun daga makon yarinyar ta shigo labarin. Tsofaffi duk sun lura, babu wanda ya taɓa tanka masa. Yaya, kai kana da shekara takwas a lokacin, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?

Kwana biyu ina juya abin a raina. Malamin nan ya ce mai karatu amana ya ɗauka, ba shi da ikon taɓa kalmar marubuci, kuma gaskiyarsa ne. Amma ranar Litinin da aka ba ni dama ta biyu, na karanta yadda littafin ya zo, na faɗa musu nan marubuci ya tsaya, sannan na rufe shi na ci gaba da na Baba. Da na iso wurin kiran sai murya ta ƙi fita. Tsofaffin ne suka ƙarasa mini, hannayensu na ta naɗi. Na ci da ratar ƙuri'a shida.

Da na dawo gida na zauna gaban Baba na ce na samu kujerar, kuma na san ko wace ce yarinyar. Sai ya kama yatsuna da hannun hagun, ya ƙi saki har shinkafarsa ta huce.

Ka gaida Anti Migdalia, da matarka Noelvis, da 'yan biyu. Mama ta ce ka rubuto, hoto kaɗai bai ishe ta ba.

Taka ƙanwa,
Idalmis